Al-Kindi, malamin Bagadaza da ya gano yadda ake karanta wasiƙar da aka kulle

A filin tarihin mutanen da na wannan mako za mu tafi ƙasar Iraƙi, mu koma baya shekara sama da 1,100, wurin wani malami da Larabawa ke yi wa laƙabi da Failasufin Larabawa. Ya yi rubutu kan likitanci da taurari da kiɗa da turare har da ƙirar takobi, amma abin da ya sa muka ɗauko shi yau ƴar takarda ce ƙarama, wadda a cikinta ya nuna yadda mutum zai karanta saƙon sirri ba tare da mai saƙon ya ba shi mabuɗi ba. Cikin duk rubuce-rubucen da suka iso hannun mutanen yau, ita ce mafi tsufa da ta bayyana wannan dabara.

Sunansa Abu Yusuf Yaƙub ɗan Is'haƙ al-Kindi. An haife shi wajen shekara ta 801 miladiyya a garin Kufa, inda mahaifinsa ya riƙe gwamna zamanin halifa Mahdi da halifa Haruna Rashid. Kindi ɗin nan sunan ƙabilarsu ne, Kinda, ƙabilar da ta yi sarauta a tsakiyar ƙasar Larabawa tun kafin Musulunci, kuma ita ce ta fitar da shahararren mawaƙin nan Imru'ul Ƙaisi. Masu nasaba suna kai salsalarsa ga Ash'as ɗan Ƙaisi, wanda ya yi zamani da Annabi (SAW). Ke nan ɗan babban gida ne, bai taso cikin rashi ba. Laƙabin nan nasa ma daga nan ya samo tushe: yawancin waɗanda suka yi fice a ilimin falsafa da lissafi a wancan zamani Farisawa ne ko Kiristocin Sham, shi kuwa Balarabe ne gaba da baya.

Ya yi karatu a Basra, sannan ya wuce Bagadaza. Basra a lokacin gidan nahawu ce. Can ne Khalil ɗan Ahmad ya zauna, wanda ya tsara ma'aunan waƙar Larabci, ya kuma shirya ƙamus na farko na harshen, Kitabul Aini, ta hanyar lissafa duk yadda haruffa za su iya haɗuwa su ba da kalma, da ware haɗuwar da Larabawa ke amfani da ita daga wadda ba su yi. Khalil ya rasu kafin a haifi al-Kindi, amma ɗabi'ar ƙirga harafi da auna shi ta riga ta zauna a garin. Malaman Alƙur'ani su ma sun daɗe suna ƙirga ayoyi da kalmomi da haruffa don kada ko ɗigo ya ɓace, irin hidimar da alarammominmu ke yi har gobe wajen harji, inda gardi zai gaya maka sau nawa kalma kaza ta zo da wuraren da ta zo. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo gare shi.

Bagadaza kuwa sabon birni ne, halifa Mansur ya kafa ta a 762. Sana'ar yin takarda ta iso ta daga gabas a ƙarshen wannan ƙarni, littafi ya yi araha, masu kwafa suka cika kasuwa. Halifofi da attajirai na zuba kuɗi a fassara littattafan Girkawa da Farisawa da Indiyawa zuwa Larabci. Al-Kindi ya samu shiga a fadar Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, tauraronsa ya ƙara haske zamanin Mu'utasim, daga 833 zuwa 842. Mu'utasim ya damƙa masa ɗansa Ahmad ya karantar, shi kuma ya rubuta wa halifan babban littafinsa na falsafa. Bai iya Girkanci ba. Aikinsa shi ne ya tara mafassara, su fassara, shi ya gyara Larabcin, ya ƙirƙiro kalmomin da babu su a da, sannan ya gina nasa tunanin bisa abin da aka fassaro.

Mai sayar da littattafan nan na Bagadaza, Ibn Nadim, da ya zo ya jera littattafan da aka sani a ƙarni na 10, ya lissafa wa al-Kindi sama da 200. Mafi yawansu sun ɓace. Cikin abin da ya rubuta akwai bayani kan lambobin Indiya, waɗannan dai 1, 2, 3 da muke rubutawa yau, lokacin suna baƙi a ƙasar Larabawa. Akwai littafin haɗa turare mai ɗauke da hanyoyi fiye da 100, akwai na nau'o'in takubba da ƙarafansu, akwai na kiɗa da tsirkiyoyin garayar Larabawa. Ya yi raddi ga masu da'awar mayar da tagulla zinariya, ya ce yaudara ce. Ya ma yi ƙoƙarin auna ƙarfin magani da lissafi, wato idan an haɗa sassaƙe mai zafi da mai sanyi, a san da alƙalami inda haɗin zai tsaya. Wanga mutum, duk abin da ya taɓa sai ya nemi ya ƙirga shi. Ibn Nadim ɗin ya ƙara da cewa marowaci ne. To, mai son ƙirge dama ba a raba shi da irin wannan shaida.

Yanzu bari mu zo ga maganar sirri. Daular Abbasiyya ta miƙe tun daga Arewacin Afirka har tsakiyar Asiya, kuma da wasiƙa ake mulkinta. Akwai ma'aikatar aika saƙo da ake kira barid, mai zango-zango a kan hanyoyi inda manzo ke sauya abin hawa, shugabanninta na larduna kuma su ne idon halifa da kunnensa, suna rubuto masa abin da gwamnoni da alƙalai ke ciki. Wasiƙar da za ta yi makonni a hanya, ta bi hannu goma, tana ɗauke da lissafin haraji ko umurnin tsige wani ko labarin tawaye, ai tilas a nemi yadda za a rufe ta. Hatimi yana nuna an buɗe ko ba a buɗe ba, amma ba ya hana karantawa. Sai magatakarda suka koma ga ɓad da rubutun kansa. Larabawa na kiran rubutun da aka yi wa haka mu'amma, wato abin da aka makantar.

Hanyoyin ɓad da rubutu, in an tattara su, gida biyu ne manya. Na farko, a bar haruffan yadda suke, a hargitsa musu wurin zama. Kalmar lahadi in ka rubuto ta daga ƙarshe ta zama idahal. Yaranmu masu zaurance sun san wannan sarai, su da ke juya tuwo ya koma wotu don kada manya su gane. Mutanen Isparta na tsohuwar Girka an ce suna naɗa tsirin fata a jikin sanda su yi rubutu a kai, in an warware fatar sai haruffa su watse, sai wanda ke da sanda mai kauri ɗaya da ta farko zai sake naɗawa ya karanta.

Gida na biyu, a bar kowane harafi a wurinsa, a sauya masa riga. Wanda aka fi sani a nan shi ne na Yuliyas Kaisar, shugaban Rumawa, wanda ya mutu shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi yakan tura kowane harafi gaba da taki uku. Mu gwada da abacada irin ta lakkol, mai haruffa 26: a ta koma d, b ta koma e, k ta koma n, haka har ƙarshe. A ce wani na son ya aika wa abokin cinikinsa cewa kawo gero kasuwa ranar lahadi. Abin da zai fito a takarda shi ne:

NDZR JHUR NDVXZD UDQDU ODKDGL

Wanda aka aika wa ya san sirrin, sai ya ja kowane harafi baya da taki uku, maganar ta fito. Wannan taki uku shi ake kira mabuɗi. Ku lura da abu guda, don shi ne ginshiƙin duk rubutun sirrin mutanen da: mabuɗin da ya kulle shi ne ke buɗewa. Kamar kwaɗon rumbu ne da aka yanka wa ɗan makulli biyu iri ɗaya, ɗaya a aljihun mai gida, ɗaya wurin ƙanensa. Sai sun haɗu tun farko sun yi yarjejeniya, ko an aika mabuɗin ta hannun amintacce. Ranar da na uku ya samu kwafi, magana ta ƙare.

Tsarin Kaisar ba shi da ƙarfi, tunda taki 25 ne kawai za a iya yi, mai haƙuri zai gwada su duka kafin shayi ya huce. Amma magatakarda sun fi haka wayo. Maimakon turawa da taki, sai a ba kowane harafi abokin musanya yadda aka ga dama, ba tsari: alif ya zama wata alama, ba ta zama wata, ko ma a ƙirƙiro zane-zanen da ba na kowane harshe ba. Haruffan Larabci 28 ne. Yawan hanyoyin da za a iya musanya su lamba ce mai alƙaluma 30 a jere. Ko duk mutanen duniya sun zauna suna gwadawa ɗaya bayan ɗaya, dare da rana, jikokin jikokinsu ba za su ga ƙarshen aikin ba. Shi ya sa aka daɗe ana ganin wannan ƙofa ba ta buɗuwa sai da mabuɗinta.

Nan ne al-Kindi ya shigo. Takardar tasa sunanta Risala fi Istikhrajil Mu'amma, wato saƙo kan fito da abin da aka ɓoye, ya rubuta ta ne amsa ga wani da ya kira Abul Abbas, wanda ya nemi ya taƙaita masa wannan ilimi. Abin da ya gano, in an faɗe shi, sai ka ce ai kowa ma ya sani. Haruffan harshe ba su zuwa daidai wa daida. Wasu kullum suna bakin mutane, wasu sai jefi-jefi. Kuma sauya wa harafi riga ba ya sauya masa hali: in alif ya fi kowa yawa a maganar Larabawa, to duk alamar da aka ba shi ita za ta fi kowace yawa a wasiƙar sirri. Ɓarawon da ya sauya tufafi amma bai sauya takunsa ba, mai bin sawu zai kai har ƙofar gidansu.

Ga yadda ya tsara aikin. Ka fara sanin harshen da aka yi saƙon da shi. Ka samo wani rubutu na fili cikin wannan harshe, mai ɗan tsawo, ka ƙirga kowane harafi sau nawa ya zo, ka jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan. Sannan ka ɗauko wasiƙar sirrin, ka ƙirga alamominta, ka jera su haka nan. Alamar da ta zo ta ɗaya ka ɗauke ta a matsayin harafin da ya zo na ɗaya, ta biyu na biyu, kana yi kana gwadawa ko magana na fitowa. Bai tsaya ga faɗa ba, shi da kansa ya zauna ya ƙirga wani rubutu mai haruffa 3,667, ya samu alif ya zo sau 600, lam na bi masa, sannan mim. Ku dubi wannan zama: babban malamin fada, mai karantar da ɗan halifa, ya duƙufa yana ɗiga harafi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A ganina wannan haƙurin ya fi basirar wuya, don da yawa sun san alif na da yawa, amma shi ne ya ce nawa ne.

Mu koma ga saƙonmu na gero mu yi masa aikin al-Kindi. Haruffa 25 ne a ciki. Ku ƙirga da kanku: D ta zo sau 7, U sau 3, N da Z da R sau bibbiyu, sauran sau ɗai-ɗai. Duk mai rubuta Hausa ya san babu harafin da ya kai a yawa a harshenmu. To D ita ce a. Daga a zuwa d taki uku ne, in tsarin Kaisar ne an gama ke nan, ko gumi ba a yi ba. In kuma musanya ce marar tsari, sai a ci gaba da bin sawu. Kalma ta huɗu, UDQDU, ta zama wani harafi, a, wani harafi, a, sannan harafin farko ya dawo. Kalmomin Hausa nawa ne ke da wannan siffa? Ba su da yawa, kuma ranar na cikinsu. In ta zauna, ka samu r da n. Bayan ranar me ke zuwa in ba sunan rana ba? ODKDGL harafi shida ne, da a a wuri na biyu da na huɗu, kuma ba ta ƙare da a ba, saboda haka ba talata ba ce, ba laraba ba ce. Lahadi ce. Ka samu l da h da d da i kyauta. Kowace kalma da ta faɗi tana jawo ta kusa da ita, kamar an zare bulo ɗaya daga gindin katanga.

Wannan mataki na biyu ma al-Kindi ya yi bayaninsa, bai dogara ga ƙirge kaɗai ba. Ya ce a duba haruffan da ke son zama tare da waɗanda ba su jituwa. A Larabci alif da lam kullum suna manne, saboda al da ke farkon sunaye, saboda haka in ka ga alamomi biyu na yawan zuwa a jere ka san inda ka dosa. Akwai kuma haruffan da ba su haɗuwa a kalmar Larabci ta asali, kamar jim da ƙaf, ya yi musu jadawali, wanda ke gaban wane, wanda ba ya bin wane. Ga aikin Khalil na Basra ya dawo da wata riga. Da Hausa ce, da sai mu ce yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma ƴan ƙananan kalmomi irin da, na, ta, ba, ba su barin layi.

Sai dabara ta uku, wadda ta fi ba ni dariya don ta shafi halin ɗan Adam: kalmar da ake tsammani. Wasiƙa a wancan zamani da bisimilla take farawa, sai addu'a ga wanda aka rubuta wa, sai laƙubbansa. Mai ɓoye saƙo ya wahala ya musanya haruffa, amma ladabi bai bar shi ya tsallake gaisuwa ba, sai ya miƙa wa abokin gaba haruffa goma tun a layin farko. Ana ba da labarin cewa Khalil ma da haka ya warware wata takarda da aka aiko daga ƙasar Rum, ya ƙaddara da sunan Allah ta fara. Mu da ba mu iya fara wasiƙa sai da sallama da bayan gaisuwa mai yawa, da mun sha kamu.

Ya kuma faɗi inda dabarar ke gazawa. In saƙo gajere ne ƙirge ba ya zama, don harafin da ya saba yawa yana iya ƙaranci a layi ɗaya ko biyu. Misalinmu na gero ya yi daɗi ne don a ɗin Hausa ba ta ɓuya, amma r da ta zo ta biyu a cikinsa ba ita ce ta biyu a harshen ba. Sai rubutu ya yi tsawo kowane harafi ke komawa matsayinsa. Masana lissafi na yau suna kallon wannan magana a matsayin ɗaya daga cikin tushen ilimin ƙididdiga, wato hukunta abu mai yawa daga samfurin da aka ɗiba. A cikin takardar har wa yau ya zana rabe-raben hanyoyin ɓoye rubutu kamar bishiya mai rassa, ya kuma yi babi kan waƙar da aka ɓoye, inda ma'auni da amsa-amo ke ƙara tona asiri.

Zaman fada dai ba ya da tabbas. Da Mutawakkil ya hau a 847, iska ta juya. Ya sauya manufofin magabatansa a kan muhawarorin addini, mutanen da suka yi fice a zamanin Ma'amun da Mu'utasim da yawa suka koma baya. Ga kuma kishiyoyi a cikin malamai. Akwai wasu ƴan'uwa uku da ake kira Banu Musa, gwanayen lissafi da ƙere-ƙere, masu kuɗi da faɗa a ji. Marubucin tarihin likitoci, Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rayu a ƙarni na 13, ya kawo cewa biyu daga cikinsu, Muhammad da Ahmad, sun yi ta kai sukar al-Kindi wurin halifa har aka sa aka yi masa bulala, aka kwashe littattafansa kaf aka kai wani ɗaki na daban da aka riƙa kira Kindiyya. Mutumin da duk abin da ya tara a duniya takardu ne, a wayi gari ɗakinsa wayam.

Yadda littattafan suka dawo kuwa, labari ne mai kama da tatsuniya, amma haka marubucin ya kawo shi. Mutawakkil ya ba Banu Musa aikin haƙa magudanar ruwa zuwa sabon garin da yake ginawa kusa da Samarra, su kuma suka miƙa aikin ga masanin taurari al-Fargani. Aka yi kuskuren awo, bakin magudanar ya fi sauran zurfi, ruwa ba zai gudana ba sai kogin Dijla ya cika. Halifa ya ji ƙishin-ƙishin, ya yi alkawarin gicciye su a bakin magudanar in ta tabbata, ya sa wani masani, Sanad ɗan Ali, ya je ya duba. Sanad ɗin nan shi ma sun taɓa yi masa makirci, kuma tsakaninsa da al-Kindi ba wata ƙauna. Duk da haka da suka zo roƙonsa, sharaɗin da ya kafa shi ne a mayar wa al-Kindi littattafansa tukun. Aka mayar. Sanad ya shaida wa halifa aiki lafiya lau, ya dogara ga cewa kogi na cike, aibin ba zai fito ba sai bayan wata huɗu. Kafin ruwa ya janye, dogaran Mutawakkil Turkawa suka kashe shi, a watan Disamba na 861.

Al-Kindi ya samu takardunsa, amma bai sake samun matsayinsa na da ba. Ya ƙare rayuwarsa a Bagadaza nesa da fada, ya rasu wajen shekara ta 870, wasu marubuta na cewa 866, wasu 873. Cikin abin da ya bari akwai wata ƴar risala kan dabarun kore baƙin ciki, inda yake nuna cewa mai ɗora farin cikinsa kan abin da hannu ke iya ƙwacewa ba zai rabu da damuwa ba.

Ilimin warware sirri bai mutu da shi ba. Ibn Adlan, wanda aka haifa a Mausil a 1187 ya rasu a Alƙahira a 1268, ya rubuta jagora ga masu wannan aiki, har ya sa iyaka: saƙo ya kai haruffa 90 kafin a dogara ga ƙirge. Ibn Duraihim ya ƙara faɗaɗawa a ƙarni na 14, al-Ƙalƙashandi na Masar kuma ya shigar da bayanin cikin babban kundinsa na aikin magatakarda da ya kammala a 1412. A ƙarni na 15 dabarar ta bayyana a fadojin Italiya, daga nan kowace masarautar Turai ta nemi nata masu karanta wasiƙun mutane. Wadda ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta ita ce Maryamu sarauniyar Sikotlan. Tana tsare a Ingila, tana musayar wasiƙun sirri da masu shirin kashe sarauniya Elizabet, ana ɓoye takardun a marfin gangar giya. Ashe duk suna bi ta hannun ƴan leƙen asiri, wani mai suna Thomas Phelippes na warware alamomin. Da wasiƙunta aka kafa mata hujja, aka fille mata kai a Fabrairun 1587.

Tun daga nan duk mai ƙirƙiro sabon tsarin sirri, abin da yake gudu shi ne mai ƙirge. Wajen 1467 wani ɗan Italiya, Alberti, ya kawo shawarar a riƙa sauya jadawalin musanya a tsakiyar saƙo, yadda a za ta zama d a nan, ta zama m a can, sawunta ya ɓace. Tsarin da ya ginu a kan wannan, wanda aka laƙaba wa sunan Bafaranshen nan Vigenère, ya yi kusan shekara 300 ana ce masa gagara-badau. A 1863 wani tsohon hafsan sojan Jamus, Kasiski, ya wallafa maganinsa: ka gano tsawon mabuɗin, ka raba saƙon gida-gida gwargwadon wannan tsawo, sannan kowane gida ka yi masa ƙirgen nan dai na al-Kindi.

Na zamaninmu, wanda ake kira AES, wasu ƴan Beljiyam biyu ne suka tsara shi, Amurka ta amince da shi a 2001. Shi ke kulle saƙonnin WhatsApp da kuke aika wa gida da hada-hadar banki ta talho. A cikinsa musanya da hargitsa wuri ne dai, gidajen nan biyu, sai dai kwamfuta na maimaita su zagaye 10 zuwa 14 a kan dunƙulen rubutu, har abin da ya fito in ka ƙirga shi ba alamar da ta fi wata yawa. Kuma har yanzu mabuɗi guda ne ke kullewa yana buɗewa. Tsohuwar matsalar isar da mabuɗin ce aka samo wa hanya a 1976, lokacin da Diffie da Hellman suka nuna yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi yarjejeniya kan mabuɗi a bainar jama'a ba tare da mai saurare ya gane ba. Shi ya sa ɓarayin yau ba su wahalar da kansu wajen fasa lissafin, sai su kira ka a talho da daɗin baki su ce ka karanto musu lambobin da aka turo maka.

Kalmar da Faransawa ke kiran lamba da rubutun sirri da ita, chiffre, daga sifr ta Larabci ta fito, ita ce dai sifirin da muke faɗa, ɗaya daga cikin lambobin Indiyan da al-Kindi ya yi wa bayani. Turawa sun san shi tun ƙarni na 12, lokacin da aka fassara wasu littattafansa na likitanci da na ilimin gani zuwa Latin a Sifaniya, suna kiransa Alkindus. Amma takardarsa ta sirri ba ta cikin waɗanda aka fassara. Ta yi ƙarnoni kwance cikin wani kundin rubutun hannu a ɗakin karatu na Sulaimaniyya da ke Istambul, masu rubuta tarihin wannan fanni ba su san da ita ba. Wasu malamai uku na ƙasar Siriya, Muhammad Marayati da Yahaya Mir Alam da Hassan Ɗayyan, su suka tono ta, suka tantance ta, Cibiyar Harshen Larabci ta Dimashƙa ta buga ta a 1987, tare da takardun Ibn Adlan da Ibn Duraihim.